Tabulon mota ba talabijin ba ne: kada a sayar mana da ƙyalli



Kwanakin nan hotunan motoci masu aiki da lantarki sun cika wayoyinmu. Sai ka ga an buɗe ƙofa, an haska cikin motar: babu allura gaban direba, babu maɓalli ko guda, sai wani ƙaton gilashi kamar talabijin a tsakiya. Matasa na ta turawa juna suna cewa ai wagga ita ce mota, wanga shi ne ci gaba. To mu ba mu yarda ba. Motar lantarki muna maraba da ita, amma tabulon da anka mayar talabijin, wanda sai ka iya Turanci ka kuma ɗauke ido daga hanya kafin ka kunna waifa, wannan haɗari ne anka yi wa ado. Gara mu faɗa yanzu, tun kayan ba su cika kasuwa ba.

Wani zai ce: mi ya haɗa Konni da motar lantarki, mu da kuran ma bai zama ba? To a duba abin da ke kewaye da mu. A 2020 anka fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. A 2021 hukumar NADDC ta Najeriya ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu shan mai su koma lantarki. A Kwatano da Lome, kamfanin Spiro ya zuba babura masu batir hannun ƴan kabu-kabu. Habasha kuwa tun 2024 ta hana shigo da motoci masu shan mai. Kowa ya san halin Konni: abin da ya shiga kasuwar Sakkwato ko tashar ruwan Lome, ba ya daɗewa sai ka gan shi nan ranar Laraba.

Ga kuma maganar mai. Tun da Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ruwa-ruwa ta daina zama mai araha kamar da. A watan Maris na 2025 kowa ya ga layin da anka yi a gidajen mai a faɗin Nijar. Rana kuwa Allah ya ba mu ita kyauta, kuma tun 2018 akwai tashar lantarkin hasken rana mai megawat 7 a Malbaza. Duk mai adaidaita da ya yi lissafin abin da isansi ke ci masa a wata, ranar da anka kawo masa mai batir da farashin da zai iya, saye zai yi. Saboda haka abin zai zo. Maganarmu ita ce: in ya zo, mi za a ɗora gaban direba?

Mu fara da aikin tabulo. Ba don kyau anka sa shi ba. Aikinsa shi ne cikin ƙiftawar ido ya gaya wa direba abu uku: gudun da yake yi, abin da ya rage masa na tafiya, da kuma ko akwai abin da ke shirin lalacewa. Shi ya sa masu ƙera motoci a duniya sunka daidaita kan launi. Ja na nufin tsaya yanzu, akwai haɗari. Ruwan ɗorawa na nufin ka kula, ka nemi makaniki. Kore da shuɗi labari ne kawai, fitila na kunne ko sigina na aiki. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba zai iya riƙe wannan. Haka maɓallan hannu: tsohon direban Hiace da ke Konni zuwa Tawa ba ya duba inda sigina take, hannunsa ya san wurin. Idonsa na bisa hanya, hannu na aikinsa.

Yanzu ga abin da masu sabon salo sunka yi. A 2017 kamfanin Tesla ya fito da Model 3, ya cire komi daga gaban sitiyari, ya tattara cikin gilashi guda a tsakiyar mota. Har gudun da kake yi sai ka karkata ido dama kafin ka gani. Sauran kamfanoni, na Turai da na Sin, sunka bi sahu. Ana gaya mana wai zamani ne. Gaskiyar ita ce gilashi guda ya fi wa kamfani sauƙin kuɗi bisa maɓallai talatin da wayoyinsu. Su sun rage kashe kuɗi, direba ne anka ƙara wa aiki, sa'annan a ce masa ya yi godiya.

Ba mu kaɗai ke faɗar haka ba. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta yi gwaji. An sa direbobi su yi ƴan ayyuka huɗu, irin su canza tashar rediyo da daidaita zafin cikin mota, suna gudun kilomita 110 a awa. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005, mai maɓallan hannu, sakan 10 ya isa. A sabuwar MG Marvel R mai lantarki da ƙaton gilashi, sai da anka haura sakan 40, motar ta ci fiye da kilomita guda ana lalube. Ku yi lissafi da namu hanyoyin. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 kowane sakan. In ya ɗauke ido sakan 4 kawai, ya yi mita 100 a makance. Mita 100 bisa RN1, tsakanin Tsarnawa da Malbaza, mi ke cikinta? Amalanken jaki ba fitila. Kamiyon siminti da ya mace gefen hanya an jera masa rassan itace. Garken shanu na tsallakawa. Yaro ya biyo akuyarsa. Lokacin albasa kuwa, wajen Galmi, buhuna har bakin kwalta. A irin wagga hanya za a ce mutum ya shiga shafi na biyu ko na uku cikin gilashi don ya kunna fitilar haɗari?

Turawan da sunka ƙirƙiro abin ma sun fara ja da baya. Euro NCAP, ƙungiyar da ke ba motoci taurarin lafiya a Turai, ta sanar a 2024 cewa daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta kasance da abin taɓawa na hannu don sigina, fitilar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa. Shugabannin Volkswagen da bakinsu sun ce za su maido da maɓallai bayan ƙorafin masu saye. A Amurka, a 2021 Tesla ta janye motoci kusan 135,000 saboda gilashin na mutuwa, kuma in ya mutu yana tafiya da kyamarar baya da na'urar share hazon gilashin gaba. A Fabrairun 2024 kuma hukumar lafiyar hanyoyi ta Amurka ta sa kamfanin ya gyara motoci kimanin miliyan 2.2, dalili guda: rubutun gargaɗin birki ya yi ƙanƙanta. Ku ji fa, girman harafi kawai. Can akwai hukumar da ke auna girman harafi. Nan wa zai auna mana?

Ga abin da ya kamata ya tada mana hankali. Motar da Turai ta ƙi, ina take zuwa? Mun san amsa. Shekara da shekaru abin da sunka gaji da shi ne ake lodowa jirgin ruwa a kawo mana. Motocin nan masu gilashi zalla da anka ƙera shekarun nan, in sun shekara goma, mu za a kawo wa, gilashin ya tsufa, garanti ya ƙare.

To a ɗora su cikin yanayinmu. Watan Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a inuwa. Motar da ta wuni a rana a tashar Konni, cikinta tanda ce. Kowa ya taɓa ganin wayarsa ta yi zafi ta kashe kanta, ko ya kasa karanta saƙo da tsakar rana sai ya kare da hannu. Gilashin mota ɗan'uwan na waya ne. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa. Ga hannun direba da gumi da baƙin mai. Ga hanyoyin laterit na ƙauyukan Illela da Tajaye, inda mota ke rawa har haƙora na haɗuwa: ta ƙaƙa yatsa zai sami ɗan ƙaramin hoto cikin gilashi? Maɓalli in ya lalace, yaron gareji zai ciro na wata matacciyar mota ya sa maka da jika biyu ko uku. Gilashi in ya mutu, komi ya mutu tare da shi, kuma sau da yawa ko ka samo wani sai an haɗa shi da kwamfutar kamfani kafin ya yi aiki. Wace kwamfutar kamfani ke Bagga ko Dogarawa?

Amma babbar magana ita ce ta batir, kuma nan ne za a fi cutar talaka.

Motar mai, ko allurarta ta mutu, direba na da dabara. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza babur ya ji ƙara, ko ya zura kara. In mai ya ƙare a daji, ba ka rasa mai kwalba a ƙauye na gaba. Shi ya sa motocin haya da yawa a tashoshinmu ke yawo da mataccen tabulo, allurar gudu kwance, fitilar inji an liƙe ta da sikoci don kada ta dami ido, kuma ana isa gida da ikon Allah. Da motar lantarki wannan wasa ya ƙare. Ba a leƙa batir. Ba a girgiza shi. Ba a sayen kuran a kwalba. Abin da tabulo ya gaya maka shi kaɗai ka sani. In ya yi maka ƙarya, ka kwana tsakanin Badagishiri da Tawa da fasinja goma sha.

Kuma yana ƙarya, ta hanyoyi uku. Ta farko: lambar kilomitar da yake nuna cewa ta rage, ƙiyasi ne daga irin tafiyar da anka yi a baya. Ƙara lodi, kunna kilim, fuskanci iskar gabas, sai lambar ta zube. Ta biyu: ƙananan babura da adaidaita masu araha da yawa ba su auna abin da ke cikin batir da gaske, ƙarfin wutar lokacin kawai suke nunawa da ƴan sanduna huɗu ko biyar. In abin na tsaye sai ka ga cike, da ka ɗora buhu uku ka hau tudu sai sanda biyu ta ɓace. Ta uku, wadda ta fi muni: kashi 100 na tsohon batir ba kashi 100 na sabo ba ne. Kamar tulu ne da laka ta cika rabinsa, ka zuba ruwa har baki ka ce ya cika. Batir na tsufa, kuma zafi na gaggauta tsufansa. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wuri mai zafi irin namu, sun yi ta ƙorafi cewa batirinsu na raguwa da wuri. Ita Leaf aƙalla tana da sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir a gaban direba. Motoci da yawa ba su nuna wannan ko kaɗan. A motar lantarki kuwa batir ne kayan da ya fi komi tsada. Wanda ya sayar da gona ko shanu ya sayi adaidaita, in ba a nuna masa lafiyar batir ba, ya sayi akuya cikin buhu. Dillalan da sunka ƙware wajen mayar da kwantar kilomita baya, kuna jin za su ji kunyar ɓoye tsufan batir?

Sai maganar harshe. A Nijar manyan da sunka iya karatu ba su kai rabi ba. Motocin da ke shigowa kuwa, wata na magana da Ingilishi, wata Jamusanci, wata Koriyanci, wata Sinanci. Tun yanzu muna ganin illar haka da motocin Amurka masu lissafi da mil: mil guda kilomita 1.6 ne, wanda ya ga 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana kusan 130. A tsohon tabulo akan rubuta duka biyun kewaye da allura. A gilashi sai ka san inda ake shiga a canza. Ga sababbin alamomi da ba a taɓa koya wa kowa ba. Motar lantarki ba ta da ƙarar inji, kalma guda ce ta Ingilishi ko ɗan koren hoto ke nuna ta tashi, mutum na iya taka totur bai san a kunne take ba. In hoton kunkuru ya fito, ma'anarsa motar ta rage ƙarfinta, batir ya kusa ƙarewa ko ya yi zafi. Wa ya gaya wa direbanmu wannan kafin ya fita gaban tirela zai wuce ta?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. To harshen ƙasa ba a takarda kawai ake son ganinsa ba. Na'urar da ke iya cewa batir ya yi zafi da Sinanci tana iya faɗa da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek. Murya ce ake ɗauka a saka. Mu da ke aikin rediyo mun san ba aikin wata guda ba ne.

Mun san abin da za a ce: ku da ba ku ƙera ko allura, wa zai saurare ku? Wannan magana ce ta kasala. Na farko, mai saye na da baki. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Guwanzu suna sa masana'anta ta buga sunan da suke so bisa babur, ta canza launi, ta ƙara ƙarfin kariya don lodi. Wanda ya iya sa a canza launi zai iya sa a ƙara girman lamba, a sa maɓalli, a saka murya. Ba ya tambaya ne don mu ba mu tambaye shi ba. Na biyu, ƙasa na da ikon cewa ga abin da zai shigo, ga wanda ba zai shigo ba. Na uku, wa ya ce ba mu zanawa? Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatu a Birnin Kabi kafin ya tafi Amurka, yana cikin waɗanda sunka zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma shi ke shugabantar NADDC lokacin da anka buɗe wurin cajin nan na Sakkwato. Bahaushe ne kamar mu. Yaran da ke gyaran waya a kasuwar Konni, masu sauya gilashi da narka dalma ƙarƙashin rumfa, in an koya musu, su ne za su haɗa ma'aunin batir na gaskiya.

Za a kuma ce muna tsoron zamani. A'a. Ba gilashin muke ƙi ba. Taswira a gilashi na da amfani, kyamarar baya na ceton yara. Abin da muke ƙi shi ne a ɓoye abin ceton rai cikinsa.

Saboda haka ga abin da muke nema, a fili.

Ga hukumar ANISER mai kula da lafiyar hanyoyi, da ma'aikatar sufuri, da duwan: a kafa sharaɗi tun yanzu. Duk abin hawa mai lantarki da zai shigo, mota ko adaidaita ko babur, gudunsa ya kasance da kilomita, a gaban direba, da manyan lambobin da ake gani da tsakar rana. Sigina, hon, waifa, fitila da fitilar haɗari su kasance na hannu. Lafiyar batir ta fito a tabulo, a kuma rubuta ta a takardar sayarwa. Wajen bizit teknik, mataccen tabulo ya zama dalilin hana takarda, kamar mataccen birki.

Ga Alhazanmu masu shigo da kaya: ranka ya daɗe, kafin ka cika kwantena, ka fito da abin rana ka duba ko ana karantawa. Ka tambayi inda za a samu gilashin canji da kuɗinsa. Ka nemi ma'aunin da ke nuna kashi cikin ɗari da zafin batir, ba sanduna huɗu ba. Ribar da za ka ci bisa kayan da za su mutu cikin shekara guda, sunanka za ta ci.

Ga sandikan direbobi da na ƴan kabu-kabu: ku ne masu saye da yawa. In kunka haɗa baki kunka ce ba ku karɓar abin da bai nuna lafiyar batir ba, dillali zai nemo wanda ke nunawa. Ga makarantun koyon tuƙi: a sa alamomin tabulo cikin jarrabawar permi, da Hausa.

Ga mai saye kuwa, kada ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Ka zauna mazaunin direba, ka rufe ido, ka nemi hon, ka nemi sigina, ka nemi waifa. In hannunka bai same su ba, tashi ka bar musu kayansu. Ka ce a ɗora lodi a zagaya da kai ka ga yadda ma'aunin batir ke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Direbobi, makanikai, ƴan kabu-kabu, muna son jin ta bakinku: wace alama ce a tabulo kuka fi gani ba ku san ma'anarta ba? Ku turo mana, mu tattara mu kai wa masu gareji su yi bayani a shiri na gaba.

Allah ya tsare mu bisa hanya, ya kai kowa gida lafiya.